Ƙullin Baƙin Zare

Kwana ukun da muka yi muna zaman makokin Inna a Yashe, ban san sau nawa na ce "daji ne" ba. Mace za ta shigo da sallama, ta durƙusa a gefen tabarma, ta ce ya haƙuri, in ce da godiya. Sai ta rage murya ta ce, "Ashe ciwon nan ne ya tashi?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Daji ne." Daga nan sai ta yi salati ta ja gefe. Ba wadda ta ƙara tambaya, don wanda ya ji sunan ciwon nan ba ya neman ƙarin bayani. A bayan kalmar nan na ɓuya har aka watse.

Sunana Jamilatu. Ni ce 'yar fari a wurin Inna Mairama, kuma ni kaɗai ce a gidanmu na yi karatu har na samu takardar koyarwa. Ina aure a Kankia, ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Ƙanena Ɗalha manomi ne, shi da matarsa Hawwa'u ke zaune da Inna tun rasuwar Baba. A gidanmu in na yi magana an gama, ko da a kan abin da ban sani ba ne. Haka aka sabar mini, ni ma ban taɓa cewa a daina ba, don daɗin abin nake ji.

Inna ba ta kiran sunana, kunyar 'yar fari. Malama take ce mini. Kunyar nan ce ta hana ta gaya mini lokacin da ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Sai ta gaya wa Gwaggo Tani, ƙanwar Baba, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu. Su biyun tare suke ɗinkin hula, tare suke gulmar gari, in sun yi faɗa da hantsi kafin la'asar an ga ɗaya ta miƙa wa ɗaya goro ta kan katanga. Gwaggo Tani ce ta kira ni a waya ta ce, "Ki zo ki ɗauki uwarki ki kai ta asibiti, ni na gaji da riƙe mata sirri."

A Katsina aka tabbatar mana ciwon daji ne. Likitar da ta karɓe mu, Likita Ulfa, siririya ce mai tabarau, ba ta zagaye-zagaye a magana. Aka yi wa Inna aiki aka cire nonon, aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ta sha wuya har na ce ba za ta tashi ba. Ta tashi kuwa. Ranar da aka sallame mu likitar ta ajiye magani iri biyu a kan tebur. Ɗaya ƙwaya ce ta tsare dawowar dajin. Ɗayan na hawan jini ne, don wajen awo aka gano Inna ta daɗe da shi ba mu sani ba.

"Duka biyun kullum da safe," in ji ta. "A rage gishiri da magi. Kanwa kuwa a manta da ita gaba ɗaya. Malama, ke nake gaya wa, don ke kike karatu."

Da yake Inna ba ta karanta boko, sai na yi dabara. Na ɗauko zarenta na ɗinkin hula, na ƙulle ledar maganin daji da jan zare, ta hawan jini da baƙi, na zuba su a gwangwanin madara. Kullum da safe ɗaya daga ja, ɗaya daga baƙi. Dabarar nan har Kafinsoli aka ba da labarinta, ni kuwa kaina ya yi girma. Shekara guda muna haka, duk bayan wata uku mu koma Katsina a duba ta a ba mu wani.

Zuwanmu na ƙarshe a tsakiyar damina ne. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ɗebi jini, aka ce sakamako sai mun dawo. Bayan sati guda na je Yashe ranar Alhamis, da yake Alhamis da Juma'a ba mu da makaranta. Na tarar da ita zaune da kwanon tuwo a gaba, ta lakaci loma biyu ta ture. Ta rame, wuyanta duk jijiya.

"Malama, ni kam na gaji," ta ce. "Miyag ga lami, kamar ruwan wanke hannu. Ga baƙin zaren ga, hitsari kawai yake sa ni. In yi alwalar azahar, kahin in shimhiɗa darduma ta karye. In na miƙe in ji jiri. Mutum na jiran tahiya tai, a hana shi ko kunun kanwa?"

Ta faɗi haka tana 'yar dariya, ni kuma na ji maganar har ƙashina. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, tun ranar da na ji kalmar daji na gama binne Inna a zuciyata. Duk wanda na sani da ciwon nan ya tafi. To kwana nawa ya rage mata da za a ƙare su da miya ba gishiri? Babban ciwo na nan zaune, ana ta wahala da ƙarami. Lambar Likita Ulfa na cikin wayata, kira ɗaya da ta ce mini a canza maganin ko a rage shi. Ban kira ba. Malama guda, in tambayi wani yadda zan kula da uwata?

Na buɗe gwangwanin na zare ƙullin baƙin zare, na jefa shi a jakar makarantata, ƙarƙashin littafin kiran suna. Da yamma Ɗalha ya dawo daga gona ya leƙa gwangwanin, don shi ke miƙa mata maganin da safe.

"Yaya, ina baƙin?"

"Likita ta ce a dakata da shi."

Ya ce to. Ko gardama bai yi ba, don bai taɓa zaton bakina zai iya ƙarya ba.

Alhamis ta gaba na biya kasuwar Kankia na sayo jar kanwa mai kyau. Da hannuna na jiƙa gero, na niƙa, na dama mata kunun kanwa mai kauri. Ta shanye kofi biyu tana lumshe ido, ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce wa Hawwa'u ta ci gaba da dama mata kullum, ta kuma sa wa miya gishirinta yadda aka saba. Cikin sati uku kumatun Inna suka ciko. Ta koma ɗinkin hula, ta koma faɗa da Gwaggo Tani ta kan katanga. Masu zuwa dubiya suna ta yaba mini, ni ina cewa ai yi wa kai ne. Da ta fara kukan ciwon ƙeya, na ce dajin ne ke motsi, na ba ta farasitamol na shafa mata man zafi.

Sati bakwai ke nan cif. Ranar wata Juma'a da hantsi, an fara yankan gero, muna zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar wake a faifai. Ta ɗago kai ta ce, "Malama, miƙo man..." Ba ta ƙarasa ba. Na ga bakinta ya karkace, faifan ya zame daga cinyarta, waken ya watse a ƙasa.

A motar maƙwabci muka kai ta asibiti a Kankia. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta juyo ta dube mu.

"Jininta ya hau sosai. Tana da hawan jini dama? Tana shan magani?"

"Tana sha," na ce.

Ɗalha na tsaye a gefen gadon, da ƙurar gona a ƙafarsa. Ya dube ni. Sai ya sunkuyar da kai, don ƙane ba ya ƙaryata yayarsa a gaban baƙi. Kafin a kira la'asar Inna ta cika. Da muka fito, shi ne ma ya dafa ƙofar mota ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, Yaya, ki yi haƙuri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na san ajali na Allah ne, ni nake koyar da hakan duk Asabar. Amma na kuma san ni nake koya wa ɗalibaina cewa wanda aka ba amana za a tambaye shi. Bayan rasuwar sai in tsaya gaban allo in rasa bakin magana. Jakar na rataye a kafaɗata, ƙullin baƙin zare na ciki. Sau biyu ina tsayawa a bakin masai da shi a hannu, na kasa jefawa.

Da ranar komawarmu Katsina ta zo, na tafi ni kaɗai, wai in mayar da ragowar maganin jan zare ko wata za ta amfana. A raina kuwa so nake likita ta ce dajin ya riga ya cinye ta, ko da magani ko babu tafiya za ta yi. Abin da na je nema ke nan, ba zan ɓoye ba.

Likita Ulfa ta yi mini gaisuwa, ta tambayi yadda abin ya faru, na gaya mata faifai da wake da karkacewar baki. Ta jawo fayil ɗin Inna, ta daɗe tana kallon wata takarda, sannan ta juyo mini da ita.

"Sakamakon hoton da muka ɗauka ne. Babu komai. Ƙirjinta fes, jininta fes. Ban ga alamar dajin ba." Ta cire tabarau ta murza ido. "Abin da kika kwatanta, jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, aikin hawan jini. Malama, akwai waɗanda dajin ke kashewa, ba zan ɓoye miki ba, musamman in an makara. Amma na rasa mutanen da na yi wa aiki suka tashi lafiya, daga baya hawan jini ko suga ko zazzaɓin da aka raina ya ɗauke su. Da an ji daji sai kowa ya zuba masa ido, a manta mutum yana da zuciya da ƙoda. In ya rasu a ce daji ne, ba mai bincike."

Ba ta tambaye ni ko Inna na shan baƙin zaren ba. Ta yarda da ni, kamar yadda kowa ya yarda da ni. Jakar na kan cinyata na danne ta da hannu biyu. Na ce Allah ya kyauta, na tashi. A mota daga Katsina har Kankia fuskata na cikin hijabi, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri ba ta san na mene ne ba. Na isa gida ban gaya wa kowa ba, har mijina.

Ranar sadakar arba'in gidan Yashe ya cika da mata. An kafa tanda biyu a tsakar gida ana suyar waina, Hawwa'u na zuba ƙullu, 'yan uwa daga Kusada da Kafinsoli na zaune a tabarmi. Ina cikin lissafa kwanukan da za a kai maƙwabta Gwaggo Tani ta ja hannuna zuwa ɗakin Inna ta saki labule. Ta ɗaga rigarta, ta kama yatsuna ta ɗora a gefen nononta na dama. Abu ne tauri, kamar ƙwallon goriba ƙarami.

"Tun kahin Mairama ta rasu nike jin shi," ta ce. "Ba don ki kai ni ko'ina na gwada maki ba. Don in na kwanta ku san mi ne ne."

"Gwaggo, gobe-goben nan mu tafi Katsina."

"In tahi in yi mi?" Ta sauke rigar ta fice tsakar gida, ni ina bin ta. Gwaggo Tani ba ta iya magana a hankali ba, ko sirrinta ne. "Ku ji man Jamilatu, wai in tahi asibiti! Mairama ba ta tahi ba? Sunka yanke ta, sunka zuba mata ruwan da ya kwashe mata gashi, dut abin da sunka ce ta yi. Ke kanki kika tsaya mata, ke mai ilimi, da jan zarenki da baƙinki. Ina Mairama yau? Tun kakanninmu an san daji ba ya son ƙarhe. In anka taɓa shi da wuƙa ko allura, hushi yake ya tashi. Ni a bar ni in koma ga Ubangijina da jikina cikakke."

Wata tsohuwa daga Kusada ta ce ƙwarai kuwa, haka aka yi da ɗiyar maƙwabcinta. Hawwa'u ta ce ita ma dama tun farko ba ta so aikin nan ba, ta dai yi shiru ne don manya sun yanke. Kowa ta kawo nata, kuma duk hujjarsu guda ce: Inna. Maganar da na yi ta maimaitawa kwana uku a kan tabarmar nan, ita ce ta dawo mini a bakin mata ashirin. Na ga Gwaggo Tani za ta zauna da ƙullutun nan har ya fashe, kuma ni ce na rufe mata hanyar asibiti da bakina.

Na tuna yadda ake miƙewa in na shigo gidan biki, yadda ake ajiye mini kujera ana cewa Malama ta zo. Na shiga ɗaki na ɗauko jakata, na dawo na tsaya kusa da tanda. Na zaro ƙullin na ajiye a kan tabarma gaban Gwaggo Tani.

"Kin san wannan?"

Ta ɗauka ta juya shi. "Baƙin zaren Mairama ne. Mi yake yi wurinki? Cike ma yake."

"Ba daji ne ya kashe Inna ba," na ce. "Aikin da aka yi mata ya yi kyau. Na je Katsina na ga takardar da idona, babu sauran daji a jikinta. Hawan jini ne ya fasa mata jijiya. Wannan shi ne maganinsa. Ni na ɗauke shi, sati bakwai ba ta sha ba. Likita ba ta ce a dakata ba, ƙarya na yi wa Ɗalha. Likita ta hana ta kanwa, ni na sayo na dama mata. A asibitin Kankia aka tambaye ni, na ce tana sha. Ku kuma kuka zo gaisuwa na ce muku daji ne."

Waina ta fara ƙonewa ba wadda ta juya ta. Hawwa'u ta saki ludayi ta rufe baki, don ita ta ci gaba da dama kunun da umarnina. Wata ta ce innalillahi. Tsohuwar Kusada ta kau da kai kamar ta ga tsiraicina, kuma gaskiya abin da na ji ke nan, kamar zanena ya faɗi a tsakiyar kasuwa. Da na ɗaga ido sai na ga Ɗalha a bakin zaure da tiren da ya zo ɗaukar wainar maza. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya ajiye tiren a ƙasa a hankali ya juya ya fita.

Na jira Gwaggo Tani ta zage ni, don ta iya. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ƙullin a tafin hannunta, sannan ta ɗaure shi a bakin zanenta ta miƙe ta nufi gidanta. Ba wadda ta ce mini kwananta ne ya ƙare. Aka raba sadaka, na ɗauki jakata na hau kabu-kabu, ba wadda ta rako ni ko zaure.

Asabar na je makaranta na tarar labari ya riga ni. Ɗalibaina suka gaishe ni kamar kullum, amma ba mai haɗa ido da ni. Na kira Ɗalha sau uku bai ɗauka ba. Har yau da nake wannan rubutu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in na shiga gidan ya samu abin yi a gona. Ban ga laifinsa ba.

Litinin da sassafe ina shara aka yi sallama. Gwaggo Tani ce tsaye a ƙofar gidana da babban mayafinta na unguwa, da 'yar leda a hannu. Ko zama ta ƙi yi.

"Sa hijabinki, kada motocin Katsina su cika," ta ce. "Ba don na huce ba. Don ke kaɗai kika san ƙohwar likitag ga."

Muka samu mota a bakin titi. Har muka yi nisa tana ta kallon gonakin da aka yanke wa gero. Can ta buɗe ledar a kan cinyarta. Gwangwanin madaran Inna ne, a ciki da ƙwaryar zare biyu, ja da baƙi.

"In sun ba ni magani, ke za ki ƙulle man yadda kika yi mata, don dabarar taki na da kyau." Ta mayar da murfin ta danne da babban yatsa. "Amma gwangwanin ɗakina zai zauna. Kuma dut abin da likita ta ce, gabana za ta hwaɗe shi, in ji da kunnena."

Na ce to, Gwaggo.